Tarihin Turaren Amarya a Tudun Wadan Zariya

Ran da za a kama amarya a Tudun Wadan Zariya ba sai sanƙira ya gaya wa maƙwabta ba. Tun da hantsi hayaƙin kasko ya kan tsallake katanga ya shiga gidajen unguwa. In la'asar ta yi sanyi, sai wata tsohuwa, ko kaka ko wata daga dangin ango, ta zo da kwalba ɓoye cikin mayafi, ta lallaɓa ta yayyafa wa yarinyar turare. Mata su rangaɗa guɗa, ita kuwa ta fashe da kuka, ƙawayenta su taya ta. Daga wannan sa'a ta zama amarya, sai lalle, sai wanka, sai ɗakin miji.

Mutane da yawa suna tsammani zaɓen turaren biki sha'anin hanci ne kaɗai. Amma kowane ƙanshi da ke tashi a ɗakin amarya yana da hanyar da ya biyo kafin ya iso. Wani daga fadamar bayan gari ya fito, wani bisa raƙumi ya ƙetaro Hamada, wani jirgin ƙasa ya kawo shi, wani kuwa cikin jakar alhaji ya zo. Wanda ya san hanyoyin nan huɗu ya san babban yanki na tarihin ciniki a ƙasar Zazzau, kuma da wuya a cuce shi ran da ya tafi sayen kayan lefe.

Ƙanshin Ƙasa

Tun kafin a san kwalba Hausawa suna da turarensu. Akwai kajiji, watau 'ya'yan saiwar wata ciyawa da ke fitowa a fadama. A kan tono su a shanya, a daka, a zuba cikin wuta ko a cuɗa da man shafawa. Akwai saiwar jema, wadda mata ke cusawa cikin tufafi. Akwai ƙaron hano, wanda waɗansu ke kira ararraɓi, itacen da ke son wurin duwatsu, da kuma ƙaron dashi. Waɗannan duka a kan barbaɗa su bisa garwashi, ɗaki ya ɗauki ƙanshi, sauro ya ragu. Ba su da tsada, kuma 'yar talaka da 'yar sarki duk ba wadda ta rasa su.

Mai daraja cikin turaren ƙasa shi ne jibda. Daga jikin tunkun juda a ke samunta. A kan kama dabbar a tsare ta cikin keji na itace, ana ba ta nama, bayan 'yan kwanaki a riƙe ta a kankare wani maiƙo da ke taruwa cikin 'yar jaka ƙarƙashin wutsiyarta. Jibda tsagwaronta ba ta da daɗin shaƙa ko kaɗan. Sai an ɗiba ɗan mitsitsi an gauraya da mai mai yawa sa'an nan ƙanshinta ke fita, kuma ita ke riƙe sauran turare a jikin tufa har kwanaki. Wani Bature ɗan Birtaniya mai yawon duniya, Clapperton, wanda ya je Sakkwato cikin 1824, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rubuta cewa jibda tana cikin manyan kayan da a ke fitarwa daga garin. Ashe ƙasar Hausa ba saye kaɗai ta ke yi ba, ita ma tana sayar wa duniya ƙanshi.

Turaren Ayari

Hanya ta biyu ita ce ta arewa. Larabawan Tarabulus da na Gadamas su kan ɗora kaya bisa raƙuma, su biyo ta Gat da Azbin da Damagaram, su yi watanni cikin rairayi kafin su sauka Kano. Daga Kasuwar Kurmi fatake da 'yan koli ke sara, su yi kamar mako guda da jakuna su iso birnin Zazzau, waɗansu su wuce har Bida da Ilori.

Cikin 1851, zamanin Sarkin Kano Usman, wani Bajamushe mai suna Barth, wanda a ƙasashen nan a ke kira Abdulkarim, ya zauna a Kano ya ƙididdige cinikin garin. Bisa lissafinsa lubban da jawul da sumbul da kanumfari da ke shigowa kowace shekara sun kai na wuri miliyan 15. Man wardi shi kaɗai ya kai na wuri miliyan 40. A lokacin wuri 2,500 su ke liyari guda na azurfa, watau wardin ya tashi liyari 16,000. Amma ya lura da wani abu: kaɗan ne daga cikin wardin nan ke fita kasuwa. Yawancinsa a gida a ke kai wa sarakuna da manya, ko a sayar musu ko a yi musu gaisuwa da shi. Tsadarsa kuwa ba abin mamaki ba ce, gama sai an tatsi fure fiye da tan uku kafin a sami kilo guda na man.

Sauran kayan ma kowane da nisan garinsu. Jawul ƙaron wani itace ne na tsibirin Sumatara. Larabawa suna kiran tsibiran wannan yanki Jawa, daga nan sunan ya samo asali. Kanumfari daga tsibiran Maluku ya fito, kafin a dasa shi a Zanzibar. Sandal daga Indiya. Almiski daga jikin wata 'yar barewa da ke zaune a duwatsun Tibet da ƙasar Sin. Sumbul ɗin da Barth ya gani, saiwar wani ɗan tsiro ce da talakawan Turai ke tonowa a kan duwatsu masu ƙanƙara na ƙasar Ostiriya. Farce kuwa, wanda mata ke soyawa su daka, murfin bakin dodon koɗi ne na teku, ana samunsa a gaɓar Bahar Maliya.

Sunayen kansu shaida ne. Kajiji da jema da hano da dashi sunayen gida ne. Almiski da ambar da wardi da lubban da sumbul da kanumfari duk daga Larabci aka aro su, domin daga bakin masu kawo su aka fara jin su.

Saboda haka a zamanin da, in an shiga ɗakin amarya a birni an shaƙi iska, an san gidan da ta fito. Wardi na gidan sarauta ne da na manyan attajirai. Mai matsakaicin hali ya sayi jawul da kanumfari a wurin ɗan koli, ya ƙara da jibda kaɗan. Talaka ya tsaya ga kajiji, ba wanda zai zarge shi, gama kowa ya san daidai ruwa daidai tsaki.

Jirgin Ƙasa da Kafuwar Tudun Wada

Turawa sun shiga Zariya cikin 1902, aka naɗa Sarki Aliyu Ɗan Sidi cikin 1903. Cikin 1911 hanyar jirgi ta ratsa Zariya ta kai Kano, a shekarar da ta biyo kuwa jirgi ya fara tafiya tun daga Ikko. A 1911 ɗin nan ne kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus da yaƙi. Kayan da da ke wata da watanni a Hamada, yanzu cikin 'yan makonni sun zo daga Ingila ta teku. Cinikin ayari ya yi ta ja da baya har ya mutu.

Jirgi ya kawo baƙi. Mutanen Kudu, ma'aikatan jirgi da akawunan kamfani, aka yanka musu Sabon Gari kusa da tasha. Baƙi 'yan Arewa waɗanda ba haifaffun birni ba ne aka ba su wuri a bayan ganuwa, daga Ƙofar Doka zuwa wajen rafin Kubanni. Wannan shi ne Tudun Wada. Kanawa da Katsinawa da Barebari da Nufawa da sauransu suka kafa gidaje jikin juna, wasu leburori, wasu masinjoji, wasu 'yan kasuwa, wasu malamai. Daga baya wurin ya ƙara cika saboda asibiti, da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a Tukur-Tukur cikin 1945, da makarantar koyon aikin mulki ta Kongo.

Zaman nan na baƙi ya taɓa sha'anin turare ta hanya biyu. Ta fari, kantunan kamfanoni irin su John Holt da U.A.C. suna kusa, 'yan koli suna sarowa su shiga da shi lungu lungu, yara 'yan talla su kai wa matan kulle har tsakar gida. Wuri ya ba da hanya ga kwabo da sisi da sule. Manomi ya sayar da auduga da kaka, lebura ya karɓi albashi a ƙarshen wata, kowa na iya sayen kwalba. Masana a Turai kuma sun riga sun gano yadda a ke haɗa ƙanshi ba tare da fure ko dabba ba. Wani Bajamushe, Albert Baur, shi ya fara yin almiskin haɗi cikin 1888. Da haka ƙanshin da da sai a fada a ke jinsa ya sauko har ɗakin 'yar mai faskare.

Ta biyu, a birni kowa ya san kakan kowa, ba sai an yi wa mutum tambaya ba. A Tudun Wada kuwa sau da yawa dangin ango ba su san asalin dangin amarya ba, su ma ba su san nasu ba. To, inda ba a san asali ba, kaya ke magana. Ran da aka kawo lefe mata su kan taru a buɗe, a ƙidaya zannuwa, a ƙidaya kwalabe, a buɗe kowace a shinshina, kafin magariba labari ya gama unguwa. Lefen kansa da ɗan kwando ne na kaba. Ya koma fantimoti, ya koma akwati, ya koma jerin akwatuna, turare kuwa yana ƙaruwa tare da su.

Hanyar Gabas

Hanya ta huɗu ita ce ta alhazai. Kafin jirgin sama, mai niyyar Makka ya kan bi ta Barno da Wadai da Darfur, ya ƙetare kogin Nilu, ya kai bakin Bahar Maliya. Waɗansu su kan shekara biyar ko goma suna tafe suna aiki. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, jama'a mai yawa ta bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno zuwa Sudan, suka kafa gari da har yau a ke kira Mai Wurno. Tun daga nan zirga-zirga ba ta yanke ba tsakanin ƙasar Hausa da Sudan, ƙasar da matanta suka shahara wajen turara jiki.

Ta wannan hanya ce labarin wata 'yar kwalba ya haɗu da na amaren Hausa. Bisa ga yadda masu ita ke ba da labari, cikin 1919 wani saurayi, Eric Burgess, wakilin kamfanin W. J. Bush na birnin Landan, yana Sudan, sai waɗansu shugabanni goma sha huɗu suka kawo masa irin ƙanshin da su ke so, suka ce a haɗa musu shi wuri guda. Cikin 1920 turaren ya fito da suna Bint el Sudan, watau 'yar Sudan, da hoton wata yarinya a jikin kwalbar. Hausawa suka ce Bintu Sudan. Abin da ya sa ya karɓu shi ne da mai aka haɗa shi, ba barasa a ciki, saboda haka malami ya shafa ya yi salla ba tare da waswasi ba. Ga shi kuma ɗigo kaɗan ya isa, zafin rana ba ya korarsa da wuri. Kasuwarsa ta yi ƙarfi a Arewa har aka koma ɗura shi a Kano. Kamfanin Bush ya haɗu da waɗansu biyu cikin 1966, wani kamfanin Amurka ya saye su cikin 2000, amma sunan bai sake ba. A bayansa waɗansu kwalabe sun yi zamaninsu, kamar Ɗan Goma da Ɗan Duwala.

Daga gabas ɗin ne kuma humra ta zo, ta hannun matan Barebari da na Shuwa. A kan wanke farce sarai a soya shi har ƙarninsa ya fita, a daka shi da almiski da kanumfari, a zuba cikin man sandal da turaren kwalba iri iri, a toshe a ajiye har ya tsumu. Turaren wuta kuwa, a faskara itacen ƙanshi ƙanana ƙanana, a narka sukari a juya su ciki, a shayar da su turare, a rufe cikin tulu ko kwalba makonni. Kowace gwana da nata sirri, ba ta gaya wa kowa sai 'yarta. A unguwa irin Tudun Wada, inda Babarbariya da Bazazzagiya ke ɗiban ruwa a rijiya ɗaya, sirri ba ya daɗewa bai tsallake zana ba.

Masu Zaɓe da Yadda Su Ke Zaɓe

A al'ada amarya ba ta zaɓen turarenta. Kunya ba ta barinta ta ko ɗaga kai, balle ta ce ga wanda ta ke so. Na cikin lefe, 'yan'uwan ango mata ke saye, yayyensa da gwaggwanninsa. Na ɗaki kuwa aikin gidan amarya ne, ba ta hannun uwa kai tsaye ba, musamman in 'yar fari ce, sai ta hannun gwaggo ko inna ko uwar wanka.

Tsofaffin nan sun raba turaren amarya uku: na jiki, na tufafi, na ɗaki. Na jiki shi ne mai da humra, a shafa bayan wankan lalle. Na tufafi, a kifa kwando bisa kasko, a shimfiɗa zannuwa a kai su sha hayaƙi. Na ɗaki a fara kunna shi tun ran jere, domin kafin a kawo amarya bango da labule sun kama. Ƙa'idarsu ita ce ukun nan su zama dangin juna. In na jiki mai sanyi ne, ba a haɗa shi da na ɗaki mai hawa kai, kada su yi faɗa.

Wajen saye kuwa ba su gaggawa. Tsohuwa ta kan ɗiga turare a bayan hannunta ta tafi abinta. In yarinya ta ce ai ya yi daɗi a saya, sai ta ce, "Ke 'yar nan, bari ya huce tukuna." In ta shafa da hantsi, ta yi alwallar azahar, la'asar ta yi yana nan, to, ya ci. In ya gudu, an san ruwa ne. Jawul da turaren wuta kuma ba a sayensu sai an jefa ɗan kaɗan a garwashi, gama na ƙwarai hayaƙinsa ba ya yaji a ido, ba ya shaƙe maƙogwaro. Kuma ba a shafa wa amarya sabon abu ran biki. Tun da sauran mako biyu a ke gwada shi a jikinta, kada ƙuraje su feso mata ran buɗar kai.

Addini ma ya sa wa abin iyaka. Turare sunna ne, musamman ran Juma'a da ranakun idi. Malamai suna koyar da cewa ƙanshin mace mai ƙarfi na ɗakinta ne, ba na kan hanya ba. Mai harama da aikin hajji ba ya shafawa, mai takaba kuma ta bar shi har wata huɗu da kwana goma. Shi ya sa kamu da turare ya ke da ma'ana ga Bahaushe: abin da a ke hana mace ran da mutuwa ta raba aure, shi a ke fara yayyafa mata ran da za ta shiga.

Abin da Ya Sake da Abin da Ya Saura

Jirgin sama ya rage tafiyar Makka daga shekaru zuwa sa'o'i, alhazai suka riƙa dawowa da turaren Jidda da Madina, daga baya 'yan kasuwa suka buɗe hanyar Dubai. Yau amarya mai ilmi ita ke faɗin sunan abin da ta ke so, wani lokaci ma ta aika wa ango hotonsa ta waya. Haɗa humra da turaren wuta ya zama sana'a da mata da yawa ke ci da kansu da ita, wannan kuwa abin yabo ne.

Amma akwai hasara iri uku da ya kamata a duba. Ta ɗaya jabu. Barewar almiski ta yi ƙaranci har duniya ta sa doka mai tsanani kan cinikinta, itacen sandal na Indiya ya yi tsada ƙwarai, saboda haka yawancin abin da a ke sayarwa da sunayen nan haɗi ne. Haɗi ba laifi ba ne in an faɗa, laifin a karɓi kuɗin na asali a ba da shi. Mai duba kwali ya kan faɗa wannan rami, mai gwadawa a bayan hannu ba ya faɗawa.

Ta biyu bashi. Abin da shari'a ta ɗora wa ango sadaki ne, mafi ƙanƙantarsa kuwa a mazhabar Malik rubu'in dinari. Lefe al'ada ce, ba ya cikin sharuɗɗan aure. Duk da haka an sha ganin an ɗaga biki, ko an fasa ɗungum, saboda wata ta ƙidaya kwalabe ta ce sun yi kaɗan. An sha ganin ango ya ci bashi ya cika akwati, wata bai ƙare ba kwalabe na jere bisa kanta, ba hatsi a gida. Gaskiya ne araha ba ta ado, amma kwalba ɗaya ta ƙwarai ta fi goma na ganin ido.

Ta uku mantuwa. Yara da yawa a Tudun Wada sun san sunan turaren Faransa, ba su taɓa ganin kajiji a fadama ba, ba su san hano ba ko sun jingina da shi. Tsofaffin da suka san yadda a ke soya farce da yadda a ke auna jibda suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, sirrin kowace yana binta kabari in ba a tambaye ta ba.

Saboda haka duk wanda biki ya gabato gidansa, kafin ya nufi kasuwa ya fara shiga ɗakin gwaggo ya gaishe ta, ya tambaye ta abin da aka turara mata ran nata auren, da inda aka samo shi. In ya iya rubutu ya rubuta ya ajiye. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Sa'an nan ya sayi daidai ƙarfinsa, ya gwada kafin ya biya, kuma in an kunna kasko a bar taga a buɗe, gama garwashi a rufaffen ɗaki yana kisa. Allah ya ba amare da angwaye zaman lafiya, amin.